Jan Fenti a Kan Sabon Noti

Da hantsi aka kira Sufeto: wata bas ta kife a gangare, direban ya rasu nan take. Farfela, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ita ce ta fice daga aksul ɗin baya, ta caki kwalta.

Sufeto, mutum mai ƙaramin haƙuri, ya durƙusa ya duba. Yok, ƙarfen da ke haɗa farfela da aksul, sabo ne fil. Kofur ya tsinto notinsa a kwata, shi ma sabo, da ɗigon jan fenti a gefe.

Garejin da aka yi wa motar gyara na wani wa da ƙanensa ne, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su tun da mahaifinsu ya bar wa babbansu ragamar wurin. Oga, wato wan, ya amsa cewa shi ya canza yok ɗin, ya kuma rantse ya ɗaure notin tamau.

"Tamau ɗin ne ya kashe mutum?" Sufeto ya daka masa tsawa, ya sa aka rufe shi.

Ƙanen, da ake kira Dogo, har da kawo wa Sufeto kujera. Ya ce bai ko kalli motar ba, kuma Yaya dama hannunsa ya fara rawa. Wannan zaƙin baki bai kwanta wa Sufeto ba.

Ya koma wajen Oga da notin. Oga ya ce bakanike ba ya kwance notin yok sai ya yi masa alama, don ya mayar da shi daidai inda yake. Shi da ƙusa yake karta tasa, kuma a tsohon noti.

"Sabo kuwa wa zai yi wa alama, in ba mai shirin kwance shi ba?" in ji Oga.

A akwatin sifanun Dogo aka samu gwangwanin jan fenti.

"Ka zo ɓarna, amma hannunka ya ƙi mantuwa da sana'a," in ji Sufeto.

Dogo ya zube. Ya ce sassautawa kawai ya yi, don motar ta lalace a bakin gareji, direbobi su guji Yaya.

Da aka fito da Oga, Dogo, da ankwa a hannu, ya kira shi cikin kuka. Oga bai ko dube shi ba.

"Kofur," in ji Oga, "ka matse ankwar nan da kyau."