Guzurin Irin Bajimi

A bakin titin garin Dayi, inda take sayar da ƙwai, Hansai ta fara ganin Mudi, da bazarar 1978. Ya tsayar da babur gaban ƙwaryarta, ya ce ƙwan da aka saka yau kaɗai yake so. Ta ware masa huɗu, ta ce sauran na jiya ne. Ya daɗe yana kallonta.

Sai da ya yi wata yana zuwa ta tambayi abin da yake yi da su. Ya sunkuyar da kai ya ce malamin dabbobi ne, irin bajimi yake kai wa shanun ƙauye a filas mai ƙanƙara, su ɗauki ciki ba tare da barbara ba. Wai ruwan da irin ke ciki yana da sukarinsa, irin na zuma, shi ne guzurinsa. Cikin zafi yakan cinye guzurin da sauri ya mutu, cikin sanyi ya ci a hankali. Gwaiduwar ƙwai ke kare shi kada sanyin ya yi masa illa.

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta sami takarda ƙarƙashin ƙwarya: "Hansatuna, kowa dariya yake yi, ban da ke. Zan turo manya."

Mahaifinta, Malam Aƙilu, ya ce ba ya ba da 'ya ga mai wannan aiki na rashin kunya, kuma ƙarya ce. Da aka matsa masa, ya nuna saniyarsa da ta shekara uku ba haihuwa.

"In ta haihu, ya zo."

Ranar da saniyar ta nemi barbara, Mudi ya iso da hantsi, Malam kuwa ya tafi jana'iza garin Mahuta, ya ce kada a taɓa masa dabba sai ya dawo. Azahar ta wuce, ƙanƙarar filas ta narke. Hansai ta leƙo zaure ta ga fuskar Mudi.

"Guzurin ne?"

"Ya kusa ƙarewa, Hansatuna."

Ta ja mayafi sai shagon Iya Kudirat, mai firjin kananzir. Sawu uku ta yi, ƙanƙara na ɗiga daga kwano, kafin Malam ya dawo da la'asar, Mudi ya sa wa saniyar irin.

Bayan wata tara saniya ta haifi maraƙa. Malam Aƙilu ya zagaya ta sau biyu, ya aika a kira manyan Mudi.

Ranar ɗaurin aure ya sa musu albarka, ya ce maraƙar ta amarya ce, ita ta yi ɗawainiyarta.