Taga Mai Karkata

"Na samo mana ɗaki, Auta."

Haka saurayinta Bakanike ya faɗo shagon ɗinkin, ko sallama bai ƙarasa ba, hannu duk baƙin mai, baki har kunne. Auta ta ɗaga ƙafa daga kan keke ta harare shi. Wannan albishir ta ji shi har ta gaji. Garin ɗan mitsitsi ne, amma masu gidajen hayarsa ba su san Allah ba. Ɗakin da suke iya biya ruwa ne ke zuba ta rufinsa, wanda ba ya yoyo kuwa sai dai su kalla daga waje su haɗiye yawu. An ɗaga bikinsu, an sake ɗagawa, duk saboda rashin wurin zama.

"Ciki da falo ne, rabin raina, ga famfo a tsakar gida. Ɗan ƙari na yi wa mai gidan a kan abin da ake biya, nan take ya amince."

Ya ce dillali ne ya zagaya da shi da rana, lokacin da matar da ke ciki ta tafi kasuwa, wai ƙarshen wata za ta tashi. Bayan tashar mota ne, gida mai jan ƙofa. Bai shiga ba, amma ya auno taga ta waje don a fara ɗinka labule. Ya zaro wata igiya mai ƙulli-ƙulli daga aljihu, domin shi da tef ɗin awo ba sa ga maciji.

Ta shimfiɗa igiyar a kan tebur. Gefen dama ya fi na hagu tsawo da kusan tafin hannu. Ya yi dariya, ya ce da alama maginin yana gyangyaɗi ya yi aikin.

Auta ta ƙura wa igiyar ido. Taga ɗaya ta sani mai wannan karkata, kuma ita ta ɗinka mata labule tun tana koyon aiki. Ɗakin Goggo ne, ƙanwar babanta, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarta. A ɗakin ta girma kafin ta koma gidan Yayanta don ya fi kusa da shago. Bakanike kuwa a gidan Yaya kawai yake gaida Goggo, bai taɓa sanin ƙofarta ba.

Lokacin magana ke nan. Ta dubi idanunsa, idanun da suka daɗe ba su yi irin wannan haske ba, sai ta ji bakinta ya ce, "Allah ya sa alheri, masoyi."

Ta sayo yadi, ta yanka. Ta riƙa gaya wa kanta wataƙila Goggo wuri mafi kyau ta samu. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce: mai sayar da sabulu da tsintsiya a bakin kasuwa, wane wuri mafi kyau? Goggo ta kira waya, Auta ta kasa ɗauka. Labulen ya fito tsaf, karkatarsa daidai, amma ranar da ta gama shi ko kallonsa ba ta iya yi ba. Ta rufe shago da hantsi ta nufi bayan tasha.

Ta tarar da buhuna jingine a falo, an kwashe tukwane, tagar tsirara. Goggo ta tare ta da fara'a, har da tsokanar amarya ta manta da tsofaffi. Ta ce mai gida ne ya samu masu ƙari, wasu yara da za su yi aure, Allah ya ba su zaman lafiya. Ita kuma wata ƙawarta ta kasuwa ta yarda ta riƙa kwana a ɗakin ajiyar kayanta. Ba ta faɗa ba ne don kada ta ɗora musu nauyi ana fama da hidimar biki.

Sai ta ɗauko tsohon labulen, a ninke, ya koɗe. "Ki tafi da shi ɗakinki. Ko tsumma ya yi miki."

Nan Auta ta durƙushe.

"Goggo... mu ne."

"Ku ne me?"

"Mu ne yaran. Mu muka yi ƙarin."

Goggo ta zauna a kan buhu a hankali.

"Ya san ɗakina ne?"

"Bai sani ba."

"Ke fa?"

"Tun ranar da ya kawo awon taga na gane... na yi shiru."

Da Goggo ta zage ta, da ta mare ta, da ya fi mata sauƙi. Sai kawai ta ce, muryarta can ƙasa, "To, ku shiga. Gara ke da baƙo."

Da kuka Auta ta kira Bakanike. Ya iso a sukwane da kayan aiki a jikinsa. Yana ganin Goggo da buhunan ya gane, ya zube ƙasa yana ba da haƙuri. Sannan ya juyo.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Auta?"

"Tsoro na ji a sake ɗaga bikin. Tsoro na ji ka gaji da ni."

"In gaji da ke, in je ina?"

Ya miƙe ya zagaya falon, yana kallon bango, yana kallon rufi. Can ya zaro igiyarsa. Ya ce Goggo ta ci gaba da zama a ɗakin ciki, su za su raba falon da katako. Gado da keken ɗinki dai za su shiga, hayar kuma shi zai riƙa biya. Goggo ta ce ina aka taɓa yin haka, ita da suruki numfashi ɗaya? Ya ce da asuba yake fita, in ya dawo kuma zai riƙa tari tun daga bakin titi. Ta kawar da kai don kada a ga murmushinta, amma ta karɓi bakin igiyar ta riƙe masa.

Duk tsawon awon, Goggo ba ta dubi inda Auta take ba. Sai da aka gama ta tura mata tsohon labulen.

"Mayar da shi inda yake."

Auta ta jawo wata kujera mai gurguwar ƙafa ta hau, hawaye na hana ta ganin ƙusa. Kujerar ta yi tangal-tangal. Goggo ba ta ce ta yafe ba. Amma Auta ta ji an riƙe kujerar gam, kuma ko ba ta waiwaya ba ta san hannun.