Sakatar Tebur

"Kwanta, tsohuwa. Kika ɗaga kai sai harsashi."

Da rana tsaka ne fa, ranar da ba a buɗe wa 'yan kallo tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na kawo wa maigidana abinci, ko kwanon ban ajiye ba. Su uku ne, fuska a rufe. Na biyu Kwalba suke ce masa, babban kuma Oga. Na ukun kuwa, ni zai ɓoye wa tafiyarsa? Ɗan ƙanin maigidana ne. A bayana ya yi wayo.

Maigidana gadi yake a wurin tun da ya bar aikin jirgi. Abin da ya fi so shi ne tebur, wato gadar ƙarfe a kan wani rami zagayayye. A da kan jirgi ke hawa, a tura ta, ta juya shi ya fuskanci inda ya fito. Sakata guda ke riƙe ta. Kullum sai ya shafe ƙafafunta da giris, har nakan ce, "Malam, da ni kake wa wannan shafa da na koma budurwa."

Tagullar tsohon kan jirgi suka zo sata, da ƙararrawarsa.

"A gama da tsohon nan," in ji Oga.

"Haba Oga, a bar shi," in ji ɗan namu. "A ɗaure shi a jefa rami, ba mai jin sa."

Ya zaci taimakon baffansa ya yi. Suka yar da shi a bakin ramin daga ciki, daidai layin da ƙafafun tebur ke bi. Ni suka ɗaure ni a jikin ginshiƙi, ina kallo.

Oga ya kinkimi ƙararrawa ya kai motarsu a bakin ƙofa. Ɗan namu ya shige kan jirgi yana kwance bututu. Kwalba kuwa, maye, idonsa ya faɗa kan sakata.

"Wannan ma ai kaya ce, tsaf za ta hau sikeli."

Ya zare ta ya jefa cikin ƙaramin taragon da suke lodi.

"Yaro, mayar da ita," in ji Malam daga rami. "Don Allah mayar da ita."

"Ji tsoho, yana rami yana ba da oda."

Taragon ya cika. Sai sun haye tebur za su kai ƙofa. Suka sa kafaɗa — tura! Ƙafar gaba ta hau. Tebur ya motsa.

Ba ƙara, ba komai, don ya sha giris. Sulululu ya tafi.

"Baffa!" Ɗan namu ya daka tsalle cikin ramin — ya makara. Ƙarfen ya bi ta kan Malam. Na ji ƙashi. Tarago ya kife cikin ramin, ya danne ɗan namu daga ƙugu.

Mai shayin bakin tasha ya riga ya ruga wurin 'yan sanda. Suka ce mota ba mai. A ƙafa suka taho, suna tafe suna gyara bel.

Oga ya leƙa ramin.

"Oga, ja ni. Ƙafata," in ji ɗan namu.

"Ka san gidana, ɗan gari."

Tau! Harbi ɗaya. Kwalba ya ga haka ya zura da gudu, Oga ya riga shi mota ya bar shi da ƙura. A kan katanga 'yan sanda suka tsince shi, wando ya maƙale a waya.

Gawa biyu aka wanke a gidanmu. Kwalba na kurkuku. Oga ya ɓace. Amma ƙararrawar nan na gan ta da idona a filin mai sayen tsohon ƙarfe, an rufe da buhu. Shi ya aiko su, Kwalba ya faɗa a gaban alƙali. Na je wurin babban ɗan sanda, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ana bincike." Na ce, "Ɗana, makaho ma in ya taɓa buhun nan zai ji ta yi ƙara."

Hukumar tasha ta wanke ramin, ta shafa fenti, ta sayo sabuwar sakata. 'Yan makaranta na zuwa su tura tebur suna dariya. Ko a allo ba a sa sunan Malam ba.

To ku ji. Gwangwanin giris ɗinsa yana ƙarƙashin gadona, kuma kullum ina zaune a bakin ramin nan. Wanda ya zo da mai zai shafa wa tebur, da sandata zai gamu. Yanzu in an tura tebur kuka yake, har kasuwa ana ji. Ku bar shi ya yi ta yi, sai ranar da kuka ɗaga buhun nan.