Aparantin Alhaji Namadi

"Ka fito fili ka gaya mini, Labbo... ka fasa ne?"

Ummul-Khairi ta yi maganar tana kallon gonar hatsin da ke bayan gidansu, don ta san in ta dube shi fushin zai narke, ita kuwa da fushinta ta fito kuma tana son abinta. Daminar 2006 ta yi kyau a Malbaza. Hatsi ya wuce kan mutum, gizagizai na tafiya a hankali ta saman kamfanin siminti.

"Fasa mi, Ummuna?"

"Ka san mi. Tun da na dawo daga Dakar kake cewa iyayenka na tahe daga Tajaye. Yau shiru, gobe shiru. Ko karatuna ne ya ba ka tsoro?"

Labbo malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan makiyaya, dogo, mai sanyin maganar da har haushi take ba mutum. Murmushi kawai ya yi.

Ita ko ta gama digirin dakta a kan ƙwaƙwalwa, ga shi wata jami'a a Beljiyam ta kira ta binciken shekara biyu kan cutar da ke goge tunanin tsofaffi. Amsarta suke jira kafin ruwa ya ɗauke. Abin da ta yi ta mafarki ke nan tun tana ɗaliba. Sai dai cutar nan ba a littafi kaɗai ta san ta ba, tana nan cikin gidansu tana cin mahaifinta.

"Yanzu ma wata rana Ummu nike, wata rana baƙuwa gare shi," ta ce. "In na tahi na dawo, ba zai san ni ba. Na yanke. A ɗaura mana aure, in zauna, Beljiyam ta nemi wata."

"Taho," in ji Labbo. "Lokacin tahiya ya yi."

Mahaifinta, Alhaji Namadi, ya yi ƙuruciyarsa yana jan siminti daga Malbaza zuwa ko'ina. Yau tsohuwar motarsa na ƙarƙashin itacen bedi, ba taya, kaji na kiwo a ƙasanta. Kullum da la'asar sai ya hau ya kama sitiyari. A gida kuwa ko loma ba ya kaiwa baki, wai direba a hanya yake ci, shi da aparantinsa, wato yaron motarsa. Aparantin nan, Rabo, ya daɗe da rasuwa. Amma tun ranar da Labbo ya fara zuwa gaisuwa, tsohon ya dube shi ya ce, "Rabo, ina ka shige?" Labbo bai musa ba, kuma har yau bai musa ba.

Ummul-Khairi ta hau ta zauna a ɗan gadon da ke bayan kujeru. Ta sha hango su daga nesa, amma ba ta taɓa shiga ba.

"An ɗaure kaya, Rabo?"

"An ɗaure, Alhaji."

"To, bismillah."

Sai mota ta tashi ba tare da ta motsa ba. Iska na kaɗa hatsi ta gilashin gaba, tsohon na murza sitiyari da natsuwa, fuskarsa ta koma ta mutumin da ta sani tana ƙarama. Labbo na kiran garuruwa a hankali. Ga Dogarawa... ga Galmi, Alhaji, ka ji warin albasa? Wallahi har ita sai da ta ji shi. Ta lumshe ido, ta bar mahaifinta ya tuƙa ta.

A Madawa suka tsaya. Labbo ya buɗe kwanon shinkafa da wake, suka sa hannu tare. Tsohon ya ci har da neman ƙari. Da miya ta ɓata masa riga, Labbo ya cire masa ita, ya goge masa ƙirji, ya sa masa wata, yana yi masa hirar tsadar man gazuwal.

Da suka sauko, tsohon na gyangyaɗi a kujera, Labbo ya ce, "Kin gani?"

"Na gani."

"To ranar da kawunnaina sunka kawo goro, na zama suruki. Kin san mutanenmu, Ummu. Suruki bai cin abinci gaban surukinsa, bai haɗa ido da shi, in ya hango shi ma sai ya sake hanya. Balle ya tuɓe mashi riga. Kawu Sanusi ya riga ya ja mini kunne: in an kai goro, ƙafata ba ta ƙara taka motar nan."

Ta tuna makon da Labbo ya je taron malamai a Tawa, yadda Baba ya rufe baki, Inna na binsa da kwano tana kuka.

"Ke nan ko na zauna... ba za ka turo ba?"

"Ko kin zauna."

"Har yaushe?"

Su biyun sun san amsar, kuma ba mai son ya faɗe ta.

"Ina son ki, sanyin idona," ya ce. "Kullum na kwanta sai na ga ranar. Amma in na aure ki yanzu, na kashe mashi Rabo. Ki tahi. Ni shinkafa kaɗai na iya ba shi. Ke wataƙila ki samo ma uban wata abin da mu ba mu samu ba."

"In ya manta da ni fa, Labbo?"

"Zan riƙa gaya mashi."

Ta fashe da kuka. Da fushi ta fito, ta koma gida da son da ya fi ƙarfinta.

Ranar tafiya gari ya waye da yayyafi. Motar da za ta kai ta Konni, inda za ta hau bas ɗin Yamai, na jira a ƙofar gida. Tsohon ya hau motarsa tun da safe, abin da bai saba ba, Labbo na gefensa. Ta zo ta tsaya a jikin ƙofar direba.

"Baba, zan tahi."

Ya leƙo ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙo. Nan take ta gane bai san ta ba.

"Rabo, fasinja ce?"

"E, Alhaji. Nesa za ta."

"To mi ya sa take kuka?" Ya juya ga Labbo, ya ga idonsa shi ma ya kaɗa. Sai tsohon ya yi dariya, irin dariyarsa ta da. "Af! Kai Rabo, ashe son ta kake. Ɗiyar wa ce?"

Labbo ya buɗe baki zai faɗa. Ta girgiza masa kai.

"Ɗiyar wani direba ce, Alhaji," ta ce.

"Madalla. Bari mu sauke kaya, ni da kaina zan tahi in nema mashi." Ya miƙo hannu ya dafa kanta ta taga. "Yarinya, ki gaya ma ubanki kada ya yi wasa da wanga yaro. Ni da ina da ɗiya, shi zan ba."

Ta kama hannun da hannu biyu, ta manna shi a fuskarta.

"Zan gaya mashi, Baba," ta ce. "Na san ya yarda."