Sunan Ƙarshe a Allo

Tun da aka fara fim ɗin yaƙi a wata sinima a birnin Toledo, Darnell Pruitt yake jifan ƙeyar tsohuwar da ke gabansa da gugguru. Ko motsi ba ta yi ba.

Fim ya ƙare, sunayen ma'aikata suka fara hawa allo. Kowa ya watse ban da tsohuwar, shi kuma ya tsaya jiran ɗan guntun fim da ake sakawa bayan sunaye.

"Kaka, tashi mana! Ko kin mace ne?"

"Kwantar da hankalinka, jikana. Naka na tafe."

Daga lasifikan bango muryarta ta fito.

Allon ya yi baƙi ƙirin, rubutu ya bayyana: Don tunawa da marigayi Darnell Pruitt.

Tsohuwar ta fara tafi.