Damagaram Cikin Turanci

Issoufou ya dawo daga dawam, wato wurin aiki, da ledar gurasar tamis mai zafi a hannunsa, tun daga matakala yake jiyo dariyar matarsa. Ya tura ƙofa ya iske Asama'u zaune a kan kafet, takardu baje a gabanta, muryar namiji na fitowa daga wayarta.

"A'a ƙanwata, ba goed ake cewa ba, went ne. Sake karanta min."

"Wallahi Yaya Ubaidu, past tense ɗin nan zai kashe ni!"

Nan take kishi ya turnuƙe Issoufou. Ubaidullah ɗan kawun Asama'u ne, ɗan Kano mai karatu a jami'a a nan Madina, kuma shi ya fara neman aurenta kafin ta kafe sai Issoufou, mai gyaran na'urar sanyi a unguwar Aziziyya. Yanzu tana koyon Turanci a ma'ahad, wata cibiyar koyar da harsuna, don ta samu aiki a asibitin mata, an ba su wajib na ƙarshe, wato aikin gida, kowa ya rubuta tarihin ƙasa guda. Wanda bai kai ba ranar Alhamis, babu shi babu satifiket. Ita haifaffiyar Madina ce, sai ta zaɓi Najeriya, ƙasar iyayenta da ba ta taɓa takawa ba. Shi kuwa maigidan lakwal, bokon Faransa, ya yi a Damagaram, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, amma ko "zo in kashe ka" ba ya ji da Turanci.

Ya miƙa hannu ya kashe wayar.

"Habibi, lafiya? Wajib muke yi!"

"Wajib da dariya har matakala? Ni yaushe rabon da ki yi mini irinta? Halas, magana ta ƙare! Daga yau ba Ubaidu, ba ma'ahad."

Asama'u ta yi kuka har idanunta suka kumbura, tamis ya huce babu wanda ya taɓa shi.

Washegari da hantsi sai ga mahaifiyar Asama'u, Umma Halimatu Sa'adiya, daga unguwar Ƙiblatain, ko zama ba ta yi ba ta fara, kuma a gaban surukin nata.

"Dama na faɗa miki! Da ɗan uwanki kika aura da tuni kin zama daktora. Mutum bai iya ba, ya hana wanda ya iya? Yalla, ɗauko abayarki mu tafi, ki zauna wurina sai ya san darajarki."

Issoufou ya sunkuyar da kai, zuciyarsa na tafasa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne akwai gaskiya a maganar, bai iya ba ɗin.

"Ma'alesh Umma, ki yafe mini," in ji Asama'u, hawaye na zuba. "Ni na zaɓe shi, ba zan yi yaji a kan takarda ba."

Umma ta ja tsaki ta fice.

Ranar Talata bayan la'asar, Asama'u ta kawo masa shayi da na'ana'a, ta zauna kusa da shi.

"Ka hana ni, na hanu. Amma ina roƙon alfarma ɗaya. Ka bar ni in canja ƙasa, in rubuta Nijar. Kai za ka ba ni labari."

Ya harare ta. "Wa zai gyara miki Turancin? Yayan naki?"

"Ba kowa. Haka zan kai shi da kurakuransa, in na faɗi na faɗi."

Da fari a daƙile yake amsawa. Amma da ta tambaye shi ko Yamai ce hedikwata tun asali, sai ga mutumin ya gyara zama.

"Yamai? Haba! Damagaram ce babban birni kafin Nasara su maida shi can. Rubuta, rubuta!"

Ya ba ta labarin ganuwar Birni da ayarin raƙuma masu zuwa daga Agadas, da yadda aka samu 'yancin kai, da kakansa majemi da ya taho hajji a ƙasa. Tana dariya, tana tambaya, tana fama da ƙamus a waya, har aka kira magariba.

Da suka idar da salla ya ɗauki takardun ya ga duk ta soke nan ta goge can. Bai iya karantawa ba, amma ya ga fuskarta, ya san tsoron faɗuwa take ɓoyewa don kada ransa ya ɓaci. Kunya ta kama shi. Yarinyar nan ta bijire wa uwarta dominsa, shi kuma yana shirin kayar da ita saboda zargin da ba shi da tushe.

Ya ɗauki wayarsa ya buga kira.

"Ubaidullah? Issoufou ne. Gobe bayan la'asar ka zo gida. Tarihin ƙasata ba zai fita da karyayyen Turanci ba. Ka biya ka ɗauko Umma."

Haka kuwa aka yi. Issoufou ya kafa kujerarsa a tsakaninsu, duk kalmar da Ubaidullah ya gyara sai an fassara masa da Hausa ya amince. Kishin bai tafi ba, ko Asama'u ta ce "shukran Yaya" sai ya yi gyaran murya, Umma na danne dariya da gefen mayafi.

Ranar da sakamako ya fito, Asama'u ta shigo da gudu tana ihun "Na ci! Na ci!" Shi ta fara nuna wa satifiket, kafin uwarta, kafin kowa.

Kishi ba laifi ba ne ga mai so, laifin shi ne a bar shi ya danne alherin wanda ake so. Asama'u ta yi haƙuri da miji ba ta raina mahaifiya ba, Allah kuwa ya bar mata aurenta ya haɗa mata da karatunta.