Sunaye Arba'in da Ɗaya

Hannun Odile na sama, amma bakinta ya ƙi buɗewa.

Tsohuwar mai karɓar rantsuwa ta maimaita mata a hankali: ana so ta rantse cewa duk wanda ya sa hannu a takardar nan, a gaban idonta ya sa.

Hawaye ne suka amsa...

Mu nan jihar Maine ta Amurka doka ce: mai tara sa hannu sai ya gani da idonsa. Wata uku Odile na tsaye a ƙofar kanti, sanyi na cin yatsunta, tana roƙon mutane su yarda a kai maganar gaban jama'ar jiha: mai zaɓe ya jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, kada ƙuri'arsa ta tafi a banza. Masuntan garin kuwa ko kallonta ba sa yi.

Sai Wendell, saurayinta, ya ɗauke takarda ɗaya daga motarta ba ta sani ba. Ya bi masunta jirgi-jirgi, a ɓoye daga mahaifinsa, wanda ya ce wannan sabon zaɓe rikici ne na 'yan birni, kuma ba zai haɗa zuri'a da mai yaɗa shi ba. Bayan kwana huɗu ya dawo mata da ita tana ƙarnin kifi, sunaye arba'in da ɗaya.

“Ga kyautarki, 'yar rigimata,” ya ce, yana dariya kamar ƙaramin yaro.

Yau ga shi a bayanta cikin ofishin, riƙe da hularsa.

Ta sauke hannu.

“Ban gani ba, Wendell...”

“Ni na gani ai. Idona ba naki ba ne?”

Ta roƙe shi ya raka ta bakin teku, su sake sa hannu a gabanta. Ya ce mutanen nan don shi suka yi, kuma da sharaɗin tsohonsa ba zai ji ba. In ta je da rana tsaka, ya tona musu asiri, ya tona wa kansa.

“Kalma ɗaya ce, masoyiyata. Wa zai sani?”

“Ni.”

Ashe Darlene, ma'aikaciyar ofishin, wadda ta daɗe tana kai wa uwar Wendell gurasar zaƙi duk Lahadi, tana saurare. Kafin ruwan teku ya janye da yamma, labari ya isa gidan su Wendell. Tsoho ya ce ɗansa ya zaɓa: ko jirginsu na kamun kifi, ko yarinya. Wendell dai an haife shi ne a kan jirgin nan, kusan.

Bai sake kiranta ba.

Ranar ƙarshe ta tara sa hannu, ƙanƙara na zuba, wani ya tsaya a gaban teburinta. Wendell ne, ya rame. Ita ma ta ji ana maganar bikinsa da Darlene idan bazara ta shigo.

Ya cire safar hannu, ya ɗauki biro.

“Kina kallo?”

“Ina kallo...”

Ya rubuta sunansa harafi bayan harafi, kamar ba ya so ya gama. Sannan ya ajiye biron, ya tafi bai waiwayo ba.

Washegari Odile ta ɗaga hannu a gaban tsohuwar nan, ta rantse.

Wannan kam ta gani da idonta.